Akwatin zumata na farko a gindin ɗorawa

A ƙasarmu ba a sayen ƙudan zuma. Bidiyoyin da na yi ta kallo a YouTube yawancinsu daga Amurka da Ingila suke, inda mutum zai biya kuɗi a aiko masa da ƙuda a ɗan keji har da sarauniyarsu, ya juye su a akwati, shi ke nan ya zama mai kiwon zuma. Mu a nan gida za ka yi musu, ka gyara shi, ka sa masa ƙamshi, sannan ka koma gefe ka zuba ido. In sun ga dama su shiga. In ba su ga dama ba, ƙadangaru sun samu ɗaki.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke tsakanin Maƙarfi da Hunƙuyi, arewa da Zariya. Gonar da muka gada tana da ɗorawa da kaɗanya, ga mangwaro a bakin fadama. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tun ina yaro yake ɗora amya a waɗannan itatuwa. Da ciyawa yake saƙa ta, doguwa mai siffar ganga, ya yaɓe cikinta da kashin shanu, ta bushe, ya turara ta da wasu saiwoyi da ɓawon itace da har yau bai gaya wa kowa sunansu duka ba, ya rufe bakinta ya bar 'yar ƙofa, ya hau ya ɗaure ta tsakanin rassa. Sisi ba ya kashewa. Abin da ya hana ni bin hanyarsa shi ne daren shan zumar. Saƙa tana manne da jikin amya, ba yadda za a yi a zaro ɗaya a duba a mayar. Da bakin wuta ake zuwa, a ƙone na ƙonewa, a kwashe komai har da 'ya'yan, sauran ƙudan su watse. Kowace shekara daga farko ake somawa.

Akwatin zamani iri biyu na samu labari. Akwai na Langstroth, wani limamin coci Ba'amurke da ya yi masa rajista a 1852, mai firam-firam da hawa-hawa. Yana ba da zuma da yawa, amma yana son aikin katako na injin da ba ya kuskure, da na'urar tace zuma, da kuɗin da albashin malamin firamare bai san da su ba. Sai kuma akwatin Kenya, wanda aka fito da shi a farkon shekarun 1970 da haɗin gwiwar masana daga Jami'ar Guelph ta Kanada. Shi dogon akwati ne, faɗi a sama, tsuke a ƙasa, an jera sanduna a bakinsa, kowace sanda ƙuda su rataya saƙa ɗaya a jikinta. Karkacewar gefen nan ita ke rage musu manna saƙa a bango. Shi na zaɓa.

Wajen kafinta aka yi daru. Na kai masa zane: tsawo kusan mita ɗaya, zurfi wajen santimita 30, katakon malaina busasshe, murfi da kwano a sama. Duk wannan bai dame shi ba. Da na ce faɗin kowace sanda santimita 3.2 nake so, ba ƙari ba ragi, sai ya ajiye zarto ya dube ni.

"Malam, ƙwaro ne fa zai zauna a ciki. Shi ma da tef yake yawo?"

Na ce masa kusan haka ne. Kaurin saƙa da 'yar hanyar da ƙuda ke bi tsakanin saƙa da saƙa, in ka haɗa su, abin da suke bayarwa ke nan ga ƙudanmu na Afirka. Na Turai sun ɗan fi girma, nasu 3.5 ne, kuma wanda ya kwafi awon bidiyo bai lura ba zai sha mamaki. In sanda ta yi faɗi ko ta tsuke, ƙuda ba ruwansu da katakonka, da awonsu za su yi gini, saƙa ta haye daga wannan sanda zuwa waccan, ranar da ka ɗaga ɗaya ka yage uku. Da rula ta makaranta na zauna a shagonsa muna auna su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka kauce ya sake gogewa yana gunaguni. Na sa ya tsaga ɗan layi a tsakiyar kowace sanda ta ƙasa. Fenti a waje kawai. Ciki ba a shafa komai mai wari.

Kaki na roƙa a wajen Kawu, tsohuwar saƙar da ya matse ya yar a bayan rumbu. Na narka, na ɗiga a layin nan na sanduna domin ya nuna musu inda za su fara. Cikin akwatin kuma na goge shi da dunƙulen kaki har katakon ya yi sheƙi, na bi da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake sakawa a shayi, domin ƙamshinta ya yi kusa da wanda ƙuda ke fitarwa in suna kiran 'yan'uwansu gida. Kawu ya zo ya leƙa, ya shinshina, bai ce komai ba, ya tafi. Da yamma ya dawo da garwashi a kasko da wani ƙulli a aljihu, ya turara mini akwatin da kansa.

Wurin ajiyewa ma shi ya zaɓa, kuma a nan na fara ganin abin da bidiyo ba ya koyarwa. Inda na nuna, ya ce hanyar mata ce zuwa fadama. Na nuna wani, ya ce burtali na kusa, kuma akwai mai ɗaure jakinsa a can. Dabbar da ke ɗaure ita zuma ke kashewa, don ba ta da halin gudu. Muka tsaya a gindin babbar ɗorawa da ke ƙarshen gona, inda inuwa ke sauka daga azahar, domin zafin bazara yana iya sa saƙa mai nauyi ta tsinke ta faɗi. Ƙofar muka juya ta bar arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. Mai walda ya yi mini ƙafafun ƙarfe daidai ƙugu, kowace ƙafa na tsoma ta a gwangwanin tumatir da baƙin mai saboda tururuwa da gara. Na sa kwanon ruwa a kan murfin na daidaita shi har ruwan ya kwanta sosai, don ƙuda saƙarsu a miƙe take sauka ƙasa, ko akwati ya karkace ko bai karkace ba.

Wannan a watan Oktoba ne, ruwa ya ɗauke, ana yankan dawa nan gaba kaɗan. Lokacin ne zuma ke rabuwa: gidan da ya cika, tsohuwar sarauniya ta fita da wani kaso na ƙudan neman sabon wuri. Nakan je ƙarshen mako in buɗe. Yau yanar gizo-gizo, gobe rina ta fara gini, wata rana ƙadangare. In share, in ƙara goga kaki, in rufe. Amyoyin Kawu kuwa, da ke saman itatuwan nan dai, suna ta cika ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, ko turaren naka ne bai kama akwati ba?"

"Turare lafiyarsa lau, ɗan nan. Zuma sama ta fi so. Kai ka ajiye mata gida inda akuya za ta sosa jiki, ka ce ta zo."

Gaskiyarsa. Masu akwatin Kenya ma sun san da haka, shi ya sa suke yin ƙaramin akwatin tarko. Na koma wajen kafinta ya yi mini ɗan guntu mai ɗaukar sanda 6, awonsa ɗaya da babban, na ɗebo sandunan daga babban na jera masa, ƙanena ya hau ɗorawar ya rataye shi da waya. Ba a jima ba na fara ganin 'yan leƙe, ƙuda ɗaiɗai suna shiga suna fita suna zagaya shi. Wata ranar Laraba ina aji yaran da ke kiwo a wajen suka aiko cewa zuma ta sauka. Kawu ya ce kada in taɓa, in bari sai na ga suna shigowa da garin fure a ƙafafunsu, rawaya ko ja. Wannan ne alamar sarauniya ta fara ƙwai, akwai 'ya'yan da ake ciyarwa, sun karɓi gidan. Wanda ya dame su kafin nan, kashegari zai tarar da akwati wayam. Ƙudanmu ba su da wuyar ƙaura.

Kafin daren sauko da su na haɗa kaya. Tela ya ɗinka mini riga haɗe da wando da farin yadi mai kauri, zif a gaba, roba a wuyan hannu da na ƙafa. Malfa na samu, aka zagaye ta da raga. Baƙar raga ta fi, fara tana ɗauke ido. Safar hannu ta roba, takalmin ruwa, sai abin hayaƙi, wato gwangwani mai hanci da ɗan zugazugi a bayansa, wanda na sayo a Zariya. Totuwar masara da busasshen kashin shanu ake cusa masa, su ba da hayaƙi fari mai sanyi. Ba a zuwa da turare a jiki, ba a zuwa da baƙaƙen kaya. Ba tsoro ba ne ya sa duk wannan shiri. Dangin ƙudanmu na gabashi da kudancin Afirka ne aka kai Birazil a 1956, suka kuɓuce, jikokinsu suka bazu har Amurka, inda ake kiransu masu kisa. Namu ma in aka taɓa gidansu sukan bi mutum nesa.

Bayan isha'i muka toshe ƙofar tarkon da tsumma, muka zuro shi da igiya a hankali ba tare da ya karkace ba, don sabuwar saƙa laushi gare ta. Na busa hayaƙi, na ɗauki sandunan na jera a babban akwati yadda suke, ta farko a farko. Saƙa uku suka gina, farare tas, babbar ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Da safe wasu suka yi ta kewaya reshen da tarkon yake, kafin yamma sun gane ƙasa. Da yake gindin itacen ɗaya ne abin ya yi sauƙi. Da wata gonar kusa zan kai su, duk masu fita kiwo tsohon wurin za su koma. Sai dai a kai su can nesa, kilomita da dama, inda ba su san hanya ba.

A daren ne aka fara harbina, a idon sawu, inda wando ya zame daga takalmi. Ƙarin da ƙuda ya bari a fata ba a cafke shi da yatsu, kankare shi ake yi da farce ko wuƙa, don jakar dafin tana maƙale da shi. Sannan a busa wa wurin hayaƙi, domin harbi yana barin wani wari da ke kiran sauran su zo nan ɗin dai. Kumburi da ƙaiƙayi ba komai ba ne. Amma wanda aka harba ya ji maƙogwaronsa na shaƙewa, ko numfashi na yi masa wuya, ko jiri, wannan asibiti za a nufa da shi nan take, ba jiƙo ba.

Da hunturu ya kankama sai ƙara ta zo daga inda ban zata ba. Mata suka ce zumar Malam ta hana su ɗiban ruwa a tuƙa-tuƙa. Ko tawa ce ko ta Kawu ko ta kogon kuka, ba wanda ya tambaya. Mai akwati shi aka sani. Ƙuda na bukatar ruwa don sanyaya gida da dama abincin 'ya'ya, kuma in suka saba da wuri da wuya su bar shi. Na ajiye tsohon kasko kusa da akwatin, na zuba tsakuwa da guntayen kara don su samu wurin tsayawa kada su nitse, ina cika shi kullum. A hankali suka ragu a famfon. Inda ban iya hana su zuwa ba shi ne wajen masu mazarƙwaila. Ƙasarmu ƙasar rake ce, da rani ana matsa ana dafawa, ƙuda kuwa su yi ta faɗawa cikin ruwan raken suna mutuwa.

Daga nan sai na koma ɗalibin itatuwa. Na girma a cikinsu, amma ban taɓa lura da wanda ke riga wani fure ba sai da na ajiye zuma. Gawo ne ke buɗe fage bayan damina, shi da ke yin ganye lokacin da sauran ke zubarwa. Mangwaro ya biyo cikin sanyi, kaɗanya ta kama, sannan ɗorawa ta sako tutunta ja wajen Fabrairu da Maris, darbejiya ma ta yi nata. Kawu yakan ɗanɗana zuma ya gaya maka itacen da ta fito. Ta darbejiya, in ji shi, da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Ƙuda sukan yi kiwo kilomita 2 zuwa 3 daga gida, don haka kafin mutum ya kai wa kafinta kuɗi, ya fara zagaya wannan fili ya ga abin da ke tsaye. Inda masu gawayi suka riga shi, akwati ko na zinariya ne ba zai cika ba.

Buɗewa kuwa ba na yawaita ta. Nakan ƙwanƙwasa sanduna daga baya: wadda ba komai tana amsawa, mai saƙa shiru take. Haka nake sanin inda gini ya kai ba tare da na tayar musu da hankali ba. In zan buɗe, daga baya nake farawa, wajen da babu kowa. Tsarinsu ba ya canzawa: 'ya'ya kusa da ƙofa, garin fure a gefensu, zuma a can ciki. Sarauniya ban sa ta a ido ba sai can daga baya, kuma ba dole ba ne. In ka ga ƙwai, 'yan farare a tsaye a gindin rami, tana nan.

Ƙarshen Maris, zafi ya sauka, in ka tsaya kusa da akwatin da daddare za ka ji ƙamshi da gunjin fikafikai, suna busar da ruwan fure. Zuma ba ta nuna sai ruwan da ke cikinta ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sannan su toshe bakin ramin da farin kaki. Wadda ba a toshe ba ɗanya ce. In ka kwasa za ta yi tsami ta yi kumfa a galan. Rabin zumar da ake zargin an yi mata haɗi a kasuwa, a ganina, wannan ne ciwonta: an kwashe ta ɗanya, an matse ta da 'ya'ya, an kuma ɗora ta a wuta.

Daren yanka mu uku muka je. Ƙanena na riƙe da bokiti mai murfi da tocila da muka rufe wa fuska da jar leda, don ƙuda ba sa ganin ja, farin haske kuwa kansa suke yi. Kawu ya ƙi rigar da na ara masa. Ya naɗe kansa da rawani, ya karɓi abin hayaƙin yana juya shi.

"Wannan abin wasan yaran ne zai kori zuma?"

"Ba kora za mu yi ba, Kawu. So muke su zauna."

Ya busa a ƙofa, muka dakata kaɗan, na ɗaga murfi. Sandunan sun manne da baƙin ƙaron da ƙuda ke tarowa a jikin itatuwa suna toshe kafofi, sai da na sa wuƙa na ɓamɓare. Ta farko mai zuma da na ɗago nauyinta ya ba ni mamaki. A tsaye ake riƙe ta. In ka kwantar, ta karye. Na share ƙudan da gashin kaza suka koma ciki, na yanke saƙar ta faɗa bokiti, na bar kamar faɗin yatsa a jikin sanda don su ɗora sabon gini a kai, ƙanena ya rufe. Haka muka bi har muka iso saƙar da ke da zuma a sama, 'ya'ya a ƙasa. Na tsaya. Kawu ya ce ga zuma nan kana kallo. Na ce wannan da ta bayanta nasu ne, damina na zuwa. Ya yi tsaki, amma ya ci gaba da busa hayaƙin, kuma hannunsa ya fi nawa sanin lokacin da gunjinsu ya canza. Sau ɗaya ya ce mini, "Rufe haka nan, sun fara fushi," tun ban ji komai ba. A hanyar gida yake cewa da tsohuwar zuma ake magani, in riƙa tunawa.

A ɗaki muka tace, ƙofa da taga a rufe. Na farfasa saƙar da muciya mai tsabta, na juye a farin ƙyalle da na ɗaure a bakin wani bokitin, ta kwana tana ɗiga. Ba wuta, ba ruwa ko ɗigo. Da gari ya waye ƙuda sun cika tsakar gida suna bin ƙamshi, uwargida ta kwashe yara zuwa maƙwabta tana faɗin abin da ta ga dama. Na bar zumar ta kwanta, kumfa da ɓarɓashin kaki suka taso na kwashe. Abin da na samu ya kai lita 6, kuma lita ɗaya ta zuma wajen kilo 1.4 ce. Ba yawa, amma shekarar farko rabin ƙarfinsu a ginin saƙa yake tafiya. Tukuɗin da ya rage na zuba a ruwa na dafa a tukunyar alminiyom, don kaki yana narkewa tun zafi na wajen digiri 63, kuma kai tsaye a kan wuta yana iya kamawa. Na tace, ya daskare a saman ruwan, rawaya. Mutanenmu zubar da shi suke yi, alhali dukawa da masu haɗa man shafawa suna nema.

Ban sayar da ko kwalba ba, dangi suka cinye. Mutum ɗaya na hana, wata gwaggona da ta zo nema za ta lasa wa jaririyar jikarta. Likitoci sun hana ba wa yaron da bai shekara ba zuma, ko ta wane iri, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Ta tafi tana cewa boko ya ɓata ni.

Damina ita ce lokacin wuya. Fure ya ragu, ruwa ya hana fita, ƙudan suka ragu. Nakan nome ciyawar gindin akwatin don kada ta zama gadar tururuwa, in sabunta baƙin mai, in cire tsohuwar saƙar da suka bari, domin akwai wani ɗan malam-buɗe-littafi da ke ƙwai a cikinta, tsutsarsa ta cinye kaki. Sun zauna. Amyoyin Kawu kuwa ya sauko da su fanko, zai sake yaɓe su da kaka.

Ban ce na fi shi ba. Shi amyoyinsa sun fi a ƙirga da yatsu, ko rabi suka kama ya fi ni zuma nesa ba kusa ba, kuma in ɓarawo ya sauke ɗaya, ciyawa ya ɗauka. Nawa kuɗi ne a ajiye a daji a tsayin ƙugu, shi ya sa yanzu akwai sarƙa da kwaɗo a jikinsa. Abin da na fi shi kawai, nawa ƙudan suna nan da ƙarfinsu tun kafin gawo ya yi fure.

Abin da ya fi ɓarawo tayar mini da hankali feshi ne. A watan Satumba, wake na fure, na tarar da ƙuda a zube a ƙofar akwatin, wasu na juyi a ƙasa. Maƙwabcin gonata ne ya sa aka yi wa wakensa magani da hantsi, daidai lokacin da suke kan furen. Na same shi bayan sallar la'asar, muka gaisa, na ce, "Alhaji, alfarma na zo nema. In za a sake feshi, a bari sai rana ta yi sanyi, dab da magariba, lokacin ƙuda sun koma gida. Wakenka ma yana amfana da su." Ya ce shi ba shi da matsala, amma yaron da ke feshin jinga yake yi, gona uku yake zagawa a rana, ba zai zauna jiran yamma saboda ƙwari ba. Muka yi da yaron zan riƙa ƙara masa ɗan wani abu ya bar gonar Alhaji ta zama ta ƙarshe, ya kuma kira ni a waya kwana ɗaya kafin nan. Sauran masu waken da ke bayan fadama ban kai gare su ba tukuna, kuma su ma duk cikin kiwon ƙudana suke.